Bazara, Gara da Littafina na Farko

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Ƙauran Namoda ya san abin da ake kira bazara. Ma'aunin zafi yakan haura 40, Gulbin Gagare ya koma rairayi, iska ta tsaya cik. Da an idar da sallar lisha sai kowa ya jawo tabarmarsa tsakar gida, a bar wa ɗakuna zafinsu. To, 'yan'uwa marubuta, a irin wannan lokaci ne na yi hasarar da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Shekara biyu na yi ina rubuta littafina na farko, a cikin littattafan rubutu na 'yan makaranta guda bakwai. Da na kammala sai na zuba su a kwali, na tura ƙarƙashin gado jikin bango, ina jiran Allah Ya hore mini kuɗin ɗab'i. A wannan kusurwar randarmu take, kuma kullum da yamma maiɗakina takan yayyafa wa daɓe ruwa don ɗakin ya ɗan huce.

Wani dare ƙishirwa ta tashi 'yata mai shekara shida, ta shiga ɗaki shan ruwa, ba takalmi ba tocila. Ihunta ne ya tashe mu. Ashe kunama ce kwance a gindin randa. A daren na ɗauke ta a babur zuwa asibiti aka yi mata allura, Allah Ya taƙaita wahala.

Da gari ya waye sai Inna, mahaifiyata, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan boko, zahin da ka hidda mu waje shi ka shigo da su ɗaki. Ku hiddo komi ku ba rana."

Muka fitar da katifa, muka tarar kuɗin cizo ya yi sansani a bakin ɗinki. Muka kawar da randa, kyankyasai suka watse. Da na zo kan kwali, ina ɗagawa sai gindinsa ya zauna a ƙasa. Gara ta biyo tsagar bango, ta gina hanyarta ta laka, ta shige cikin aikina. Littattafai biyu kaɗai suka tsira, sauran biyar sun koma ƙasa. Na zauna dirshan, na rasa ta cewa.

Daga baya na gane maganar Inna ilmi ce. Jikin gara taushi gare shi, ba ya jure bushewa, shi ya sa take bin laima duk inda take, takarda kuwa abincinta ce kamar itace. Laimar nan ce ke kiran kyankyaso da gyare, kunama kuma ta biyo su farauta. Shi kuwa kuɗin cizo, ɗumin ɗaki ke sa ƙwansa saurin ƙyanƙyashewa. Ashe da hannunmu muka shimfiɗa wa baƙi tabarma.

Na so in sayo fiya-fiya in feshe ɗakin, Inna ta hana, ta ce guba ba ta san ƙwaro ba, ba ta san jinjiri ba. Gaskiyarta, domin ko hukumar NAFDAC sai da ta taƙaita sayar da irin wannan guba a 2019. Maimakon haka muka kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, muka shanya katifa yini uku a rana, muka liƙe kowace tsaga da siminti, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Randa ta koma rumfa bisa duwatsu. Aka kafa wa yara doka: ba mai tafiya da dare sai da tocila, ba mai sa takalmi sai ya kakkaɓe.

Mu ma da sauƙi, muna iya kwana a waje. Ina tausayin 'yan'uwanmu na wasu ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, waɗanda tsoron 'yan bindiga ya sa suke kulle kansu a ɗaki cikin wannan zafi. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Wata takwas na yi ina sake rubuta abin da gara ta ci, kuma akwai babin da har yau bai dawo mini yadda yake ba. Da na gama, Inna ta ba ni adakar ƙarfe ta kakana, wadda ta ce a jirgin ƙasa ya zo da ita, shekaru kaɗan bayan layin dogo ya iso Ƙaura a 1929. Na ɗora ta bisa bulo huɗu nesa da bango, na kuma kai kwafe ɗaya gidan ƙanena.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kana da rubutu a kwali, ka ajiye mujallar nan ka je ka duba shi yanzu. Allah Ya kai mu damina lafiya, amin.