Malam-Buɗe-Littafi a Kan Farce

Cikin dukan sunayen da Bahaushe ya raɗa wa ƙwari, ban ga wanda ya kai na malam-buɗe-littafi daɗi ba. A aji an koya mana cewa harɗaɗɗen suna ne, wato jimla ce sukutum aka dunƙule ta zama kalma guda. Wanda ya raɗa shi kuwa ya yi kallon tsanaki, domin in ƙwaron ya sauka a kan fure sai ya riƙa buɗe fikafikansa yana rufewa, kamar malami yana duba shafi. To, yau ga wannan littafi ya bar kan fure ya koma kan faratan 'yan mata.

A unguwarmu ta Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, a waya 'yan mata suka fara ganin adon. Akan shafe farce da jan farce mai ruwan lemo, a ja baƙaƙen layuka kamar jijiyoyin fiffike da tsinken sakace, sannan a ɗiga farare a baki-baki. Gwanaye sukan zana fiffike ɗaya a kan kowane farce, ta yadda in an haɗa yatsu biyu sai ƙwaron ya fito cikakke. Abin da kyau, ba ni musu.

Amma fa akwai magana. Jan farce fata yake yi a kan farce, ruwa ba ya ratsa shi, malamai kuwa sun ce alwala ba ta inganta sai an cire shi. Saboda haka yarinya ko dai ta yi ta gogewa tana sakewa, ko kuwa ta jira lokacin fashin salla, wanda ke nan ta shelanta wa unguwa abin da kunya ta ce a ɓoye. Waɗansu kuma sukan haɗa da dayis don samun baƙi a yatsu, alhali irin wannan rini yakan ƙunshi sinadarin PPD na rinin gashi, mai sa wa waɗansu ƙaiƙayi da ƙuraje, har da tabo.

Wannan ne ya sa na koma ga lalle, domin shi rina farce yake yi, ba rufe shi ba, kuma launinsa ma ya yi daidai da na fiffiken. Ganyen daga gidan Goggo na Argungu ake kawo mana. Nakan shanya shi a inuwa, in daka, in tankaɗe da lallausan ƙyalle, in kwaɓa da ruwan lemon tsami, in bar shi ya tsima. Sai in yanka salatif siri-siri kamar zare, in liƙa a kan farce inda nake son jijiyoyi su fito, in ɗora lallen, in ɗaure da leda. Bayan 'yan awoyi in na ɓare, farcen ya yi ruwan lemo, wurin salatif kuwa ya bar fararen layuka. Kashegari sai in ƙara lalle a bakin farcen kaɗai, can ya yi ja wur har ya doshi baƙi, tsakiya kuma ta zauna da haskenta.

Da Kaka ta gani sai ta riƙe hannuna ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ke 'yar nan, mu a zamaninmu zunguru muke zura hannu a ciki mu kwana, ku kuma har rubutu kuke yi." Daga nan ta shiga ba ni labarin yadda ake sa amarya a lalle, da yadda ake naɗe ƙafa da ganye da tsumma. Rabin kalmomin da ta faɗa ban taɓa jin su a aji ba.

Adon lalle yana koyar da haƙuri, domin ba ya goguwa. Farce yakan tsiro kimanin milimita 3 a wata, saboda haka fiffiken yakan riƙa matsawa gaba sannu-sannu, ana yanke shi kaɗan-kaɗan, sai bayan wata 5 ko 6 ya tashi ɗungurungum. Wadda za ta zana, sai ta yi tunani kafin ta liƙa.

Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, yadda muke bin mawaƙa da masu tatsuniya da na'urar ɗaukar magana, mu bi masu ƙunshi ma. Kowane zane da sunansa, kowane kayan aiki da kalmarsa, kuma a bakin tsofaffi suke, ba a ƙamus ba. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sabon zane ba laifi ba ne, in dai da kayan gida aka yi shi. Allah ya sa mu dace.