Kafin Ka Shiga Jarrabawar Tsohon Alkawari

Duk sa'ad da jarrabawa ta matso, samarin unguwarmu ta Rumde masu karatun tauhidi sukan faɗo gidana da tambaya guda: "Baba, me kake gani zai fito?" Wasu a makarantar Bronnum suke, can Mbamba, wasu sun je Bukuru, wasu kuma darasin addinin Kirista suke ɗauka a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Yola. Ni kuwa sai in mayar musu da tawa: yaushe rabonka da karanta littafin Amos daga fari har ƙarshe? Sura 9 ne kacal, ba ya cin sa'a guda. Da yawansu sai su sunkuyar da kai. Sun haddace takardun da malami ya raba a aji, sun san abin da masana suka faɗa game da Amos, amma shi makiyayin Tekowa ba su taɓa zama sun ji ta bakinsa ba.

Wannan abu yana ci mini rai, domin na san waɗanda suka riga mu. Likita Niels Bronnum ya iso Numan a 1913, Stover Kulp da Albert Helser suka zauna a Garkida a 1923, Littafi Mai Tsarki kuwa bai fito cikakke da Hausa ba sai 1932. Tsofaffin masu bishara da na tarar, Bachama da Lunguda da Kilba da Margi, littafin nan ɗaya shi ne dukan abin da suka mallaka na karatu. Sun bi shi har bangonsa ya yage. In ka tambaye su labarin Ahab da gonar inabin Nabot, za su kawo maka shi tiryan-tiryan, su kuma faɗa maka wane dagaci ne ya kamata ya ji shi. Saboda haka nakan ce wa yara: fara karanta nassin da Hausa, da murya, yadda kunnenka zai kama. Bayan nan ka koma na Turanci don kalmomin da za ka rubuta a takarda.

Sai batun shekaru, inda yawanci suke ruɗewa. Yaro ya tasa sunayen sarakunan Isra'ila da na Yahuza a gaba yana ta bita, gari ya waye sun cuɗe masa. Ba haka ake yi ba. Mai dabbobi turke yake fara kafawa kafin ya ɗaure akuya. Turakunka huɗu ne, dukansu kafin haihuwar Almasihu. Wajen 930 mulki ya rabu biyu bayan rasuwar Sulemanu. A 722 Assuriyawa suka ci Samariya, mulkin arewa ya ƙare. A 587 ko 586 Nebukadnezzar ya rushe Urushalima da Haikali, ya kwashi mutane zuwa Babila. A 539 Sairus na Farisa ya ci Babila, ya ba su izinin komawa gida. In waɗannan sun zauna maka, annabawa da kansu za su nemi wurinsu. Amos da Yusha'u sun yi wa arewa gargaɗi tun Samariya tana tsaye, tana cikin wadata. Ishaya da Mika sun ga Assuriya a bakin ƙofa. Irmiya yana cikin Urushalima aka kewaye ta, Ezekiyel kuwa yana can cikin waɗanda aka kwashe. Haggai da Zakariya su ne suka tsaya kan mutane har aka sake gina Haikali. Wanda ya san a wane hali annabi ya yi magana, ya san dalilin da ya sa muryar wannan take da zafi, ta wancan kuma take rarrashi. Mu nan Adamawa mun ga 'yan'uwanmu na Mubi da Michika da Madagali sun baro gidajensu a 2014, sun cika Yola da 'ya'ya a baya. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa bai kamata littafin Makoki ya yi masa nisa ba.

Akwai darasin da ke girgiza yaran kirki, kuma ba na so a ɓoye musu shi. A aji za su ji sunan wani Bajamushe, Julius Wellhausen, wanda a 1878 ya baje ra'ayin cewa littattafan Musa biyar an harhaɗa su ne daga tsofaffin rubuce-rubuce huɗu, waɗanda ake wa laƙabi da J, E, D da P. Na ga yaron da ya rufe littafi ya ce wannan saɓo ne, ba zai karanta ba. Na kuma ga wanda ya haɗiye shi duka, ya dawo gida yana wa iyayensa kallon marasa sani. Dukansu biyu ba su yi karatu ba. Masana da yawa sun yi jayayya da Wellhausen daga baya, amma tambayoyin da suka tayar da maganar suna nan cikin nassi: labarin halitta a Farawa sura 1 da yadda aka kawo shi a sura 2, da mutuwar Musa da aka rubuta a ƙarshen Maimaitawar Shari'a. Ɗana, bayyana ra'ayin mutumin da adalci, yadda shi kansa zai yarda haka ya ce, sannan ka faɗi naka da hujja. Gara ka sha wuyar tambayar nan a aji, inda akwai malami, da wata rana ɗan makarantar Lahadi ya jefo maka ita a gaban jama'a. Maƙwabtanmu Musulmi ma, da muke gaisawa safe da yamma, sun san Ibrahim da Yusufu da Musa da Dawuda, kuma za su tambaye ka inda labarinmu ya dace da nasu da inda ya bambanta. Amsar ladabi da sani suka cancanta.

Lissafin littattafai ba shi da wuya: 39 a wurinmu, 46 a wurin 'yan Katolika saboda sun riƙe waɗanda suka zo ta fassarar Helenanci, Yahudawa kuma suna ƙirga namu 39 ɗin a matsayin 24, kashi uku, Attaura da Annabawa da Rubuce-rubuce. Ka kuma tuna da naɗaɗɗun littattafan da aka fara ganowa a Kumran a 1947, har da na Ishaya cikakke.

Zafin Jimeta na watan Maris da Afrilu ba ya barin kai ya ɗauki karatu da rana, wuta kuma ba abin dogara ba ce. Tashi da asuba. Nemi abokai biyu, ku rufe littafi, kowa ya ba da labarin littafi guda da bakinsa, sauran su kama shi inda ya tsallake. Gwada rubuta amsa da agogo a gabanka. Ranar jarrabawa kuwa, laluba aljihunka tun daga gida, kada guntuwar takarda ta bi ka cikin ɗaki. Mutanen da za ka tsaya a gabansu ranar Lahadi za su ba ka amanar baikonsu da sirrin gidajensu, kuma wasunsu a ɗaki ɗaya kuka rubuta jarrabawar.