Filayen Ƙwallon Gadarif: In Yaro Ya Karye, Wa Za A Kama?

Duk wanda ya taso daga Wad Madani ya nufi gabas, kafin ya iso Gadarif zai ga ƙasa baƙa ƙirin hagu da dama, iyakar ganinsa. Wannan baƙar laka ita ce arzikin garin. Ita ke ba da dawa da riɗin da ke cika kasuwar amfanin gona, ita kuma ta riƙe da yawa daga cikin kakanninmu da suka fito aikin hajji, suka ya da zango a nan, zango ya zama gida. To amma ƙasar da ta yi wa riɗi daɗi ba ta yi wa ƙafar ɗan ƙwallo daɗi ba.

Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, taɓo ne mai kama takalmi ya ƙi saki. Da rani kuwa sai ta bushe ta tsattsage, wani tsagin har hannun mutum yana shiga. A kan wannan ƙasa ne yaranmu ke buga abin da mutanen ƙasar nan ke kira dafuri, wato ƙwallon unguwa, daga la'asar har a kira magariba. Ba babban filin wasa na gari muke nufi ba, inda ƙungiyar Shurɗa ta karɓi baƙuncin manyan ƙungiyoyi. Muna nufin filayen bayan makarantu da na kusa da kwarin Abu Farga. Bayan ɓarkewar yaƙi a 2023, musamman da mutanen Madani suka kwararo a watan Disamba na shekarar, aka saukar da jama'a a makarantu, yara suka ƙaru, wurin wasa ya ragu.

A irin waɗannan filaye, alƙalin wasa galibi malamin makaranta ne ko wani tsohon ɗan wasa da aka roƙa. Ba albashi, sai zagi in ya hura fanareti. To, a ce ya ga tsagi a gaban raga ya ce a buga haka nan, ƙafar yaro ta faɗa ciki ta karye. Shin akwai alhaki a kansa?

Littafin dokokin ƙwallo na duniya ya kāre shi. Doka ta 5 ta ce ba a kama alƙali da raunin da ɗan wasa ko ɗan kallo ya ji saboda hukuncin da ya yanke, har da hukuncin cewa fili ko yanayi ya dace da wasa. Sai dai littafin ƙwallo ba shi ne dokar ƙasa ba. A Ingila, a 1996, kotun ɗaukaka ƙara ta ɗora wa wani alƙalin wasan ragbi alhakin karyewar wuyan yaro ɗan shekara 17, don ya bar 'yan wasa suna ta rushewa a kan juna bai bi ƙa'idar da aka kafa don tsare ƙananan yara ba. Kotun ta bambanta abu biyu, kuma a nan hankalinmu ya tsaya. Kuskuren da aka yi cikin zafin wasa, ba a biyan diyyarsa. Amma haɗarin da mutum ya gani da idonsa, yana da lokacin tunani, ya kau da kai, wannan sakaci ne. Tsagin ƙasar Gadarif ba ya gudu, yana nan tun kafin a hura usur.

Mu ma a nan, dokar mu'amalar jama'a ta 1984 ta tafi a kan cewa wanda aikinsa ya cutar da wani, shi zai biya. Amma mai karatu ya san ba kotu muke fara zuwa ba. A ɗauki yaro a raksha zuwa wurin maɗori, dattawan unguwa su zauna, a ce ƙaddara ce, a yi Fatiha a watse. Sulhu alheri ne, ba mu musa ba. Illarsa ɗaya: uban yaro, wanda wataƙila ɗan ƙodago ne a gonakin riɗi, shi ake bar wa kuɗin magani, ramin kuma yana nan yana jiran na gaba.

Ba mu ce a ja malamai kotu ba, don in aka yi haka gobe babu mai karɓar usur. A ganinmu, alƙalin wasan yara ya zaga fili da ƙafarsa kafin a fara, in ya ce ba za a buga ba, manya su mara masa baya maimakon su yi masa ihu. A wata shari'ar ragbi a Wales a 2003, alƙalin ɗan sa kai ne kamar namu, amma hukumar wasan ta amince ta ɗauki nauyin abin da ya aikata. Kwamitocin da ke shirya gasar unguwanni da ta azumi suna karɓar kuɗin rajista daga kowace ƙungiya. Daga ciki za a iya ware na amalanken yashi don cike ramuka, da na ɗorin duk yaron da ya karye.