A fara darasin Gwamnati daga mazaɓar Yako

Iyaye da malamai na yankinmu, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da darasin Gwamnati da ake koya wa 'ya'yanmu a babbar sakandare. Ɗalibin da ke shirin WAEC zai jero maka tsarin mulkin Clifford na 1922, da na Richards na 1946, da na Macpherson na 1951, ko tuntuɓe ba zai yi ba. Ka tambaye shi aikin kansilan mazaɓar Yako ta ƙaramar hukumar Kiru, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ba laifinsa ba ne. Hadda aka ba shi don ya ci jarrabawa, ba wanda ya nuna masa cewa maganar ƙofar gidansu ake yi.

Alhali kuwa yaran nan suna koyon siyasa, ko mun so ko mun ƙi. Suna jin sojojin baka a rediyo da dare, suna zama a teburin mai shayi, suna kallon TikTok. Abin da suke kwasowa daga can shi ne siyasa ubangida ce, da zagin abokin hamayya, da taliya da sabulu ranar zaɓe. Wanda aka tarbiyyantar a haka ba ya wuyar zama ɗan jagaliya. Mun ga rikicin da ya biyo bayan zaɓen Fabrairun 2023 a Tudun Wada, inda aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba.

Da za a buɗe wa ɗalibi jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, zai gani da idonsa cewa kasuwa da tashar mota da mayanka da maƙabarta da kwashe shara da rajistar haihuwa duk suna wuyan ƙaramar hukuma, kuma tana da hannu a firamare da kiwon lafiya. Sai a gaya masa cewa ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Daga nan tambayar za ta fito daga bakinsa da kanta: to nawa ne ke shigowa Kiru a wata, me aka yi da shi?

Haka ma maganar wakilci. Kiru da Bebeji kujera ɗaya gare su a cikin 360 na Majalisar Wakilai, Tudun Wada da Doguwa ma ɗaya. Aikin mai kujerar yin doka ne, da duba kasafin kuɗi, da sa ido a kan ma'aikatu. Mu kuwa mun mai da shi mai biyan kuɗin asibiti da ragon suna, da wannan muke auna shi, shi ma ya gane abin da muke so. Ɗalibai nawa suka san sashe na 69 na tsarin mulkin ya ba masu zaɓe ikon yin kiranye? Nawa suka san tun 2018 mai shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai?

Kayan koyarwa kuma suna nan a gabanmu. Idan an zo babin mulkin Turawa ta hannun sarakuna, a faɗa wa yara cewa sojojin Lugga sai da suka fasa Bebeji a 1903 kafin su ci Kano. Idan an zo jam'iyyu, ga NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ga Malam Aminu Kano wanda shi kansa malamin makaranta ne, ga soke haraji da jangali da gwamnatin Abubakar Rimi ta yi, abin da tsofaffinmu ke ba da labarinsa har yau. Tsarin tarayya kuwa, a je madatsar ruwa ta Tiga. Gwamnatin Audu Bako ce ta gina madatsar a ƙasar Bebeji, ruwan yana tafiya gonakin Kadawa da Kura, hukumar tarayya ta Haɗejiya-Jama'are ke kula da shi. Wa ke yanke shawarar lokacin sakin ruwa? Ina manomi zai kai kukansa?

'Yan matanmu su ma su ji cewa sai a 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa, bayan wahalar da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha a gidajen yari.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda muke kallon darasin Gwamnati kamar na waɗanda suka kasa shiga ajin kimiyya. Likita da injiniya ma ai kasafin kuɗi ne ke biyan su.

Roƙona ga malaman Gwamnati na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa: ku nemi izinin shugabannin makarantunku ku kai 'yan aji biyu sakatariyar ƙaramar hukuma, su zauna su ga zaman kansiloli, su nemi a nuna musu kasafin bana. Iyaye kuma mu tayar da maganar a taron iyaye da malamai na wannan zangon, kuɗin mota mu haɗa.