Rabin Daƙiƙa

A shekarar 2013 kamfanin Porsche na ƙasar Jamus ya fito da sabuwar 911 GT3, motar gudu da ake hawa kan gudron a kuma shiga filin tsere da ita. Masu kuɗin da suka saba sayenta suka leƙa wurin ƙafa, suka tarar da abin takawa biyu kacal, na wuta da na birki. Babu ambireyaj. Hujjar kamfanin ita ce na'ura ta fi hannun mutum saurin sauya bitas, kuma gaskiyarsu. Duk da haka aka yi ta ƙorafi. A 2016 suka ƙera wata mai suna 911 R, guda 991 tak, mai bitas shida na hannu. Nan da nan aka wawashe ta, har farashin wadda aka riga aka hau ya zarce na sabuwa. Da shekara ta zagayo, a 2017, sai GT3 ta dawo da zaɓi: ko ta hannu, ko mai sauya kanta.

Na san abin da ke bakinku. Ina ruwan ɗalibin da ke jiran burs da motar Jamusawa? Ban taɓa ko shafa ta ba, kuma da ƙyar in za ta iya haye kwanciyar ɗan sanda ɗaya a unguwarmu ba ta bar cikinta nan ba. Amma a fadarmu an yi dare uku ana gardamar nan, shayi na farko har na uku, tsakanin mutanen da babu mai ko kabu-kabu. Tambayar ita ce: in an ba ka makulli an ce zaɓi, wacce za ka ɗauka?

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don rabin masu gardamar ba su sani ba. A mota ta hannu ambireyaj ɗaya ne. Ka taka shi, inji ya rabu da ƙafafun mota, ka tura sandar zuwa bitas na gaba, ka saki, su sake haɗuwa. A ɗan tsakanin nan motar tana tafiya ne da tsohon ƙarfinta, inji bai tura komai. Ita kuwa ɗayar, Porsche na kiranta PDK, taƙaicen sunan kamfanin da wata doguwar kalma, Doppelkupplungsgetriebe. Kada tsawonta ya firgita ku, kalmomi uku ne aka ɗinke: biyu, ambireyaj, buwat. Wato buwat mai ambireyaj biyu. Ɗaya yana riƙe da bitas na 1, 3, 5 da 7, ɗayan yana riƙe da na 2, 4 da 6. Kana cikin na uku, kwamfutar motar ta riga ta shirya na huɗu a gefe yana jira. Lokaci na yi, wannan ya saki, wancan ya kama, kusan a tare. Kamar mata biyu a turmi guda ne, taɓarya na tashi wata na sauka.

Bambancin yana nan a lissafi. GT3 ta 2017, mai ƙarfin doki 500, tana kai gudun kilomita 100 daga tsaye cikin daƙiƙa 3,4 in PDK ce. Ta hannu kuwa sai 3,9, shi ma in direban gwani ne. Rabin daƙiƙa ke nan. A filin tsere wannan rata ce babba. Ta hannun ta fi sauƙin nauyi da kilo 17, amma wannan bai biya bashin.

Wani abu da na ci karo da shi ya ba ni mamaki. Wanda ya fara tsara wannan dabara ta ambireyaj biyu, a shekarun 1930, injiniya ne Bafaranshe mai suna Adolphe Kégresse. Shi ne kuma ya ƙirƙiro motocin nan na Citroën masu taya a gaba da bel na roba a baya irin na tankar yaƙi, waɗanda suka taso daga Aljeriya a ƙarshen 1924, suka ratsa Yamai, Tasawa da Damagaram suka nufi tafkin Cadi. Kakanninmu sun ga aikin hannunsa da idonsu, a zamanin da ba a tambaye su ko suna son baƙin ba. Buwat ɗin nasa kuwa bai ga ta shiga kasuwa ba, ya rasu a 1943. Ta yi ta jiran na'urar da za ta iya yi mata tunani. Porsche ta gwada ta a motocin tsere 956 da 962 a shekarun 1980, Volkswagen ta fara sayar wa jama'a da ita a Golf R32 a 2003, sai a 2008 ta shiga 911.

To in ta fi sauri, me mutanen nan ke kuka a kai?

Ni dai da kunnen karatuna na ji zancen. A ajin nahawu mun koyi rabe-raben aikatau na Hausa da Parsons ya yi, kuma na bakwai cikinsu shi ne mai ƙarewa da -u: dafu, gyaru, ɗauru. Ka ce "na dafa wake", akwai mai aiki. Ka ce "wake ya dafu", aikin ya yi kyau, amma mai yinsa ya ɓace daga jimlar. Direban ta hannu cewa yake "na sauya bitas". Mai PDK, in zai faɗi gaskiya, sai dai ya ce "bitas ya sauyu". Za a ce ai akwai ƴan kunnuwa biyu a bayan sitiyari da yake ja da yatsa. Akwai. Amma ja su roƙo ne. In ka nemi ƙaramin bitas alhali gudun ya yi yawa, kwamfutar ta ƙi, don kada inji ya fashe. Ta hannu ba ta ƙin ka. Ka sa na biyu a inda ya kamata ka sa na huɗu, ta bi umarninka, ku lalace tare. Shi ya sa ranar da ka shiga kwana daidai, yatsun ƙafar dama a kan birki, gefenta yana ɗan taɓa wuta, ta hagu a kan ambireyaj, motar ta sauko bitas ba ko girgiza, ka san naka ne. Abin da attajiran can ke biya da rabin daƙiƙarsu ke nan, su zauna a cikin jimlar.

Abin dariya, ita kanta GT3 ta hannun tana da maɓallin da in ka danna, kwamfuta za ta riƙa yi maka ɗan taɓa wutar nan. Ko masu kishin hannu an ajiye musu ƙofar baya.

Da wannan bayani nawa na je wurin kawuna, wanda ya fi shekara ashirin yana tuƙa taksi a Yamai. Na same shi da yamma yana shafa wa gwiwarsa ta hagu man zafi. Na zuba masa zancen kaf, har da Parsons. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce:

"Wato Nasara na ƙara kuɗi don a bar shi ya taka ambireyaj?"

Na ce, "Kawu, wasu ma layi suke bi."

"To ka ce su zo gadar Kennedy ƙarfe bakwai na safe. In ba su motata, su taka har su ƙoshi, kuma ni zan biya su."

Ya ce in lissafa da kaina sau nawa ƙafar nan ke sauka tana tashi daga kasuwa zuwa Harobanda in hanya ta cushe, in ninka da kwanakin shekara ashirin. Ban lissafa ba. Gwiwar tana gabana.

Maganarsa ba ta rushe tawa ba, amma ta nuna mini iyakarta. Mai GT3 yana fitar da motarsa ranar hutu, ya bi hanyar dutse mai kwana-kwana, ya gaji ya mayar da ita gareji. Yana da wata motar ta zuwa aiki, kuma ina kyautata zaton mai sauya kanta ce. Aikin da yake marmari shi ne wanda Kawu ke ci da shi, kuma Kawu ba shi da ranar da zai ce yau ban ji daɗin tuƙi ba, bari in ajiye. A nan wajenmu ta hannu ta yi yawa ne don ta fi araha, kuma kowane makanike a Maraɗi ko Tawa zai sauke buwat ɗinta a ƙarƙashin bedi ya mayar kafin la'asar. PDK in ta yi gardama, sai an nemo mai kwamfuta. Ko sunayen ma suna faɗin ta inda abin ya zo mana: mu ce bitas da ambireyaj, ka tsallaka Jibiya ka ji giya da kuloci. Ita mai ambireyaj biyun har yau ba ta da suna a bakinmu.

A daren na uku na faɗa wa ƴan fada zaɓina. Motar gudu dai don nishaɗi ake sayenta, kuma ni ba tsere zan shiga ba, ba wanda ke riƙe da agogo yana jirana. In an ba ni makulli, ta hannu zan ɗauka, in yafe rabin daƙiƙar. Wanda zai shiga fili ya nemi kofi, ya ɗauki PDK, ba zan ce masa rago ba.

Kawu kuwa, da ina da hali, mai sauya kanta zan saya masa, amma ba mai ambireyaj biyu ba. Irin wannan buwat ba ta son jan ciki cikin cunkoso, ambireyaj ɗin na ta gogawa yana ɗaukar zafi, balle a watan Afrilu da rana ke wuce digiri 40. Otomatik ta gargajiya, mai aiki da mai, irin ta Toyota, ita ce daidai da shi. Na gaya masa haka. Ya tambaye ni, in batir ya mutu da asuba, ana tura ta ta tashi? Na ce a'a, Kawu, ba a turawa. Ya ɗan yi shiru, ya ce to in na tashi saye in fara da batir.