Kaset Biyu Daga Yamai

A ƙarshen shekarun 1980 wani saurayi ɗan Damagaram ya sauka Yamai domin karatu a jami'a. Ɗan malami ne, ya tashi a gidan da ake ɗaukar kiɗa a matsayin sana'ar maroƙa. Ya san kalangu a gidan biki, ya san Shata da Ɗan Gurmu a rediyon maƙwabta, amma bai taɓa ɗaga ƙafa da sunan rawa ba.

Wata rana da yamma yana wucewa ta bakin kasuwa, sai wani sauti daga rumfar mai sayar da kaset ya tsayar da shi. Ganga ce mai sauri, ga ƙahonni suna ratsa ta, ga muryar mace tana waƙa da harshen da ya yi kama da Faransanci amma ba ya kamuwa a kunne. Mai rumfar ya ce sunan kiɗan zouk, masu yinsa kuwa Kassav'. Ya haɗa masa da kaset na biyu, na Franco ɗan ƙasar Zayar. Kuɗin abincinsa na kwana biyu suka tafi a nan.

Sannu a hankali ya san asalin abin da ya saya. An kafa Kassav' a Paris a 1979, kuma ƴaƴan ƙungiyar mutanen tsibiran Gwadalup da Martinik ne, jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka a zamanin cinikin bayi. Sunan ƙungiyar daga wainar rogo aka samo shi, harshen waƙarsu Kiriyol ne, muryar da ta tsayar da shi kuwa ta Jocelyne Béroard ce. Shi ma kiɗan Kwango ya yi irin wannan tafiya. Faya-fayan Kyuba sun shiga Kinshasa da Brazzaville, biranen da ke fuskantar juna a gaɓar kogin Kwango, mutanen wurin suka ji kiɗan kakanninsu a ciki, suka mai da shi gida da jita da harshen Lingala, aka kira shi rumba. Franco ya kafa ƙungiyarsa ta OK Jazz a 1956.

Abin da ya fi kama shi shi ne yadda waƙar Kwango ke rabuwa biyu. Takan fara a hankali, muryoyi suna ba da labari. Can sai mawaƙa su ja baya, jita biyu ko uku su shiga zance da juna, wannan na jefawa wancan na amsawa. Wannan sashe shi ake kira sebene, kuma a nan ne ɗan malam ya tarar da kafaɗarsa tana motsi ba da izininsa ba.

Da hutu ya zo ya tafi gida da kaset ɗinsa a ƙasan jaka. Wani dare yana saurare a zaure, ya rage murya, sai ga mahaifinsa tsaye a bakin ƙofa. Saurayin ya miƙa hannu zai kashe rakoda, dattijon ya ce ya bari. Ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Me mutumin nan yake faɗi?”

“Baba, ban sani ba. Ba na jin harshensu.”

“To, ɗana, in zagin ubanka yake yi fa? Kana kaɗa masa kai?”

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya juya. Da faɗa aka yi masa, da ya fi masa sauƙi. Yana taƙama da karatun jami'a, ga shi ya shafe watanni yana jin daɗin maganar da bai san kanta ba balle gindinta.

Da ya koma Yamai sai ya nemi wani ɗan Zayar da ke zaune a unguwarsu, ya roƙe shi ya fassara masa waƙar. Sunanta Mario, ta fito a 1985. Labarin wani matashi ne mai takardun ilimi wanda ya ƙi neman aiki, ya zauna yana cin dukiyar wata mata da ta girme shi, har ta gaji ta kore shi. Mutumin ya kuma bayyana masa cewa sunayen da mawaƙan Kwango ke jefawa a tsakiyar waƙa na masu hannu da shuni ne da suka ba da kyauta domin a ambace su, kuma ana kiran wannan al'ada mabanga. Saurayin ya yi dariya. Ashe zambo da habaici da roƙo da ya baro a Damagaram su ne ya saya da kuɗin abincinsa, sun sake riga kawai.

A hutu na gaba ya zauna gaban mahaifinsa bayan sallar isha'i, ya kwashe labarin Mario ya faɗa masa. Dattijon ya yi shiru, sannan ya yi murmushi ya ce, “Wannan mawaƙi ya san mutane. Kai dai ka kula kada takardarka ta mai da kai irin yaron nan.”

Franco ya rasu a 1989. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya rumbar Kwango cikin jerin al'adun gado na duniya, a shekarar da Jacob Desvarieux na Kassav' ya rasu. Saurayin nan yanzu ya yi furfura, rakodar ta daɗe da mutuwa, amma kaset biyun suna nan cikin akwatin littattafan da ya gada daga mahaifinsa. Idan ya tarar da ƴaƴansa suna rawa da waƙar wani harshe a wayar salula, ba ya hana su. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya tambaye su abin da mawaƙin ke faɗi.