Bankin da ya durƙushe a Amurka da asusun marayunmu



A taronmu na ƙarshen Maris 2023, wani dattijonmu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam Sakatare, kuɗin marayun nan suna nan lafiya kuwa?" Ya ji a rediyo cewa Silicon Valley Bank ya durƙushe a Amurka ranar 10 ga wata, sannan ranar 19 bankin UBS ya saye Credit Suisse a Suwizalan. Matasa suka yi dariya, wai ina ruwan Bauchi da Kalifoniya.

Mu da muka ga 2008 ba mu yi dariya ba. A 2007 da yawanmu sun sayi hannun jarin bankuna, wasu da kuɗin fansho, wasu sun sayar da fili. Da rikicin bashin gidaje ya ɓarke a Amurka, masu jari na waje suka kwashe kuɗinsu, farashin hannun jari ya faɗi warwas. A Agusta 2009 Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya cire shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu naira biliyan 420. Cikinsu har da FinBank, wanda tsohon Inland Bank na nan Bauchi ya narke a cikinsa.

Hanyar ba ta da nisa. Tsoro ya kama masu jari a can, su janye daloli daga nan, naira ta yi rauni, sai mu ji a jikinmu a kasuwar Muda Lawal da Wunti.

Wasu suka ce a kwaso kuɗin a ajiye a gida. Muka tuna musu ɓarawo da gobara, ga shi a lokacin ma ƙarancin takardun naira ya hana kowa cirar kuɗi. Muka tsaya kan raba asusun gida biyu, a bankuna biyu, kuma ba za a taɓa shi ba sai da sa hannun mutum uku.

Da aka soke lasisin Heritage Bank a Yuni 2024, dattijon nan ya sake tambaya. Muka shaida masa cewa hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a bankunan kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya, kuma abin da muke da shi a kowane banki bai kai haka ba.

Amana ce a wuyanmu. Duk mai son ganin lissafi ya zo taro na gaba, littafin a buɗe yake. Allah Ya tsare mana dukiyar marayu, amin.